Injin Ɗura: Yadda Bairus Ke Cusa Zaren Gadonsa Cikin Kwanso



Da aka ce mu zo nan Zurmi mu yi lacca a wannan hutu, aka kuma bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai, mun san akwai waɗanda za su ji kan maganar su ce, "Yanzu fisabilillahi, mutanen da ba su zuwa gona da kwanciyar rai, ba su bin hanyar Ƙaura sai da addu'a a baki, su za a tara a yi wa bayanin wani inji da ido bai taɓa gani ba?" Tambaya ce mai kyau, ba kuwa za mu ji haushinta ba. Roƙonmu dai a yi mana haƙuri mu kai ƙarshe. Injin nan yana aiki a jikin yaron da ƙarambau ya feso wa a unguwarmu, yana aiki a kududdufin bayan gari, yana kuma da ɗan hannu a dalilin da ya sa kafson da ya warkar da mutum bara ya ƙi warkar da ƙanensa bana.

Bari mu fara da rarrabe abu biyu da mukan haɗa mu kira "ƙwayar cuta". Akwai bakteriya, wadda halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu. Ita ke kawo kwalara da taifot. Akwai kuma bairus, wanda ya fi ta ƙanƙanta ƙwarai, ba ya ci, ba ya girma, ba ya iya haihuwa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar wani ya ari kayan aikinta. Shi ke kawo ƙyanda da shan-inna da ƙarambau, shi ne kuma ya kawo agana, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. In aka fasa bairus ba a samun abu mai yawa: zare ne guda mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera wani irinsa, sai kwanson furotin da ya rufe zaren, kamar gyaɗa a kwansonta. A wasu, kamar ƙyanda da shan-inna, zaren na RNA ne, kuma su tasu hanyar daban ce, ba za mu bi ta yau ba. Namu su ne masu zaren DNA mai tufka biyu. Cikinsu akwai dangin hafis, inda ƙarambau yake, akwai kuma wasu da ba ruwansu da mutum, bakteriya kaɗai suke kamawa. Frederick Twort a Ingila ya fara lura da waɗannan a 1915, sa'an nan Félix d'Hérelle a Faris a 1917, shi ne kuwa ya raɗa musu suna bakteriyofaj, watau maci bakteriya. Za mu taƙaita mu ce faj. Masana sun ƙiyasta yawansu a duniya ya kai 1 da sifiri 31 a gabansa, ya zarce na kowace irin halitta.

To, ga inda matsalar take. Irin waɗannan bairus ba su naɗe kwanso a kan zare. Dabarar manomi suke yi: a gina rumbu tukuna, a bar baki ɗaya, sa'an nan a zuba hatsi. Sai dai hatsin ya fi ƙarfin rumbun. Ɗauki faj ɗin da ake kira T4, mai kama wata bakteriya ta cikin hanji. Tsawon kansa wajen nanomita 120 ne, faɗinsa 86. Nanomita kuwa, in aka raba milimita gida miliyan, kashi ɗaya ke nan. Zaren da zai shiga cikin kan nan yana da gaɓa wajen 170,000, tsawonsa ya kai nanomita 56,000. Da yake waɗannan alƙaluma ba su zama a kai, mu kumbura su. A ce kan ya zama tulu mai tsawon santimita 30. To, zaren ya zama igiya mai kaurin milimita 5, mai tsawon mita 140, za a kuma shigar da ita ta bakin da bai kai santimita ɗaya ba.

Da igiyar rama ce da da sauƙi. Amma DNA yana da tauri, ya fi kama da waya, ba ya son a lanƙwasa shi a ƙaramin wuri. Daɗin daɗawa, ilahirin jikinsa yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, saboda haka duk inda sashe ya matso kusa da sashe sai su ture juna, kamar maganaɗisu biyu da aka haɗa ta kai iri guda. Ke nan kowace gaɓa da ta shiga tana ƙara wa ta bayanta wuya. Kafin a gama, zaren ya cike wajen rabin sararin kwanson, matsin da ke ciki kuwa, a faj ɗin da ake kira phi29, an ƙiyasta ya kai ninki 60 na nauyin iskar da ke kanmu. Tayar mota ninki 2 da ɗoriya ake ba ta. Bairus ba don wauta yake ɗaukar wannan wahala ba. Ranar da ya dafe jikin bakteriya ya buɗe baki, matsin nan ne ke harba kashi mai yawa na zaren zuwa ciki, kamar yadda baka ke ajiye ƙarfin maharbi har ya saki tsirkiya. An auna irin wannan matsi a ɗaya daga cikin dangin hafis a 2013, aka samu kusan ninki 20.

Abin da ke yin ɗurar shi ne injin da muke magana. Sassansa ba su da yawa. A bakin kwanso akwai zobe na furotin 12 iri ɗaya, mai rami a tsakiya daidai wucewar zare, shi ne mazurari. An fara ganin siffarsa dalla-dalla a 2000, a ɗakin binciken Michael Rossmann na Jami'ar Purdue a Amurka. Ƙarƙashin wannan sai wani zoben na furotin 5, su ne majiya ƙarfin, su ke ƙona ATP, watau man da kowace ƙwayar halitta ke aiki da shi, wanda shi ma na bakteriyar ne bairus ya wawure. A yawancin faj akwai kuma wani ƙaramin furotin mai gane zaren bairus a cikin tarin zaren mai gida, da wuƙa a jikin babban mai yanke zaren. Shi phi29 yana da wani abin mamaki, ɗan zoben RNA tsakanin mazurari da majiya ƙarfi, wanda Peixuan Guo ya gano a 1987. In an gama ɗura sai injin ya cire kansa ya faɗi, a toshe bakin, a liƙa wutsiya. Watau bairus ɗin da ke yawo a ruwa ba ya ɗauke da injinsa, kamar yadda buhun gyaɗar da jirgin ƙasa ya riƙa ɗauka daga Ƙauran Namoda, tun da dogo ya iso can a 1929, ba ya tafiya da wanda ya danna shi.

Mai hankali zai tambaya, ta yaya aka auna ƙarfin abin da ba a gani? A 2001, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Carlos Bustamante da Douglas Smith da abokan aikinsu, tare da Dwight Anderson da Shelley Grimes na Minnesota, sun yi amfani da wata na'ura da za mu kira matsefatar haske, wadda Arthur Ashkin ya ƙirƙiro, har ta sa aka ba shi lambar Nobel a 2018. Hasken leza ne ake tattarawa wuri guda ya riƙe ɗan mitsitsin dutsen ado. Suka liƙa kwanson phi29 a dutse ɗaya, suka ɗaura ƙarshen zarensa a wani, suka zuba ATP. Sai ga duwatsun suna matsowa kusa da juna, inji yana haɗiye zare. Suka riƙa ja da baya suna ƙara ƙarfi, a ga inda zai gaza. Bai tsaya ba sai wajen fikoniyuton 57. Furotin da ke motsa tsokar hannunmu, ɗayansa bai wuce 5 ba. Sun ga kuma yana farawa da gaɓa wajen 100 a daƙiƙa, yana rage sauri in kwanso ya fara cika, ya gama gaɓa 19,000 da 'yan kai cikin minti 5 zuwa 6. Da aka gwada na T4 a 2007, sai aka tarar ya fi gaggawa nesa: gaɓa wajen 700 a daƙiƙa, wani lokaci har kusan 2,000. Dole ne ya yi sauri, don daga shigarsa bakteriya zuwa fashewarta da 'ya'ya fiye da 100, abin bai cika wuce rabin awa ba.

A nan muna so mu ɗan dakata kan wani kuskure, don ya fi wasu gaskiyoyin koyarwa. A 1978 wani masani, Roger Hendrix, ya lura cewa kusurwar kwanson da mazurari ke zaune a ciki mai ɓangare 5 ce, mazurarin kuwa adadin ɓangarorinsa bai dace da 5 ba. Abin da bai yi daidai da mazauninsa ba, ba ya kafewa, yana iya juyawa. Tunda DNA murɗaɗɗe ne, sai ya ce mazurarin noti ne, zaren kuwa kusa mai tufka, noti na juyawa kusa na shiga. Magana ta yi daɗi, ta shiga littattafai, aka yi kusan shekara 30 ana koyar da ita. Sai a 2006, a ɗakin binciken Lindsay Black, aka ɗaure mazurarin T4 da jikin kwanso yadda ba shi da damar juyawa, amma ɗura ta ci gaba abinta. A 2007 aka sa wa mazurarin phi29 alama mai ƙyalli aka zura mata ido, ba ta juya ba. Shi ke nan, noti ya faɗi. Ba mu faɗi wannan don rage darajar Hendrix ba, tambayarsa ce ta sa aka yi gwajin. Mun faɗa ne don mun san yadda yawancinmu muka ci jarrabawa, da haddar takardar malami. Wanda ya haddace noti a 2005 ya sami maki cikakke a kan abin da ba haka yake ba.

To, yaya yake aiki? Amsar da ta fi ƙarfi ta fito a 2009, daga ɗakin Bustamante, bayan an gyara matsefatar har tana jin motsin da bai kai nanomita ɗaya ba. Injin phi29 ba ya tafiya sumul. Yana tsayawa, ya yunƙura, ya tsaya, ya yunƙura. Lokacin tsayawa, majiya ƙarfin nan 5 kowa na ɗaukar ATP ɗinsa, ɗaya bayan ɗaya. In kowa ya shirya, sai a tura gaɓa 10 a yunƙuri guda, amma cikin taki 4, kowane taki gaɓa 2 da rabi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga mata na lugude a turmi ɗaya ya san irin wannan tsari: taɓarya ba ta karo da taɓarya, kowace ta san lokacin saukarta. Sai dai lissafi ya bar saura. Ma'aikata 5, taki 4. Ina na biyar? A 2012 aka nuna cewa shi ma yana ƙona ATP ɗinsa, amma ba tura zare yake yi ba. Shi ke riƙe da zaren lokacin da sauran ke shiri, don kada matsin ciki ya tofo shi waje, shi ke kuma ba da izinin farawa. A gayya ma akwai wanda aikinsa kiɗa ne.

Me ya sa gaɓa 10? Domin DNA yana kammala murɗa ɗaya a gaɓa 10 da rabi. Ke nan bayan kowane yunƙuri, gefen zaren da na biyar ya saki ya kusa dawowa gabansa. Ɗan rabin da ya rage kuwa, an gano a 2014 cewa zaren ne ke ɗan juyawa ya cike giɓin. Ashe akwai juyi, amma ba na mazurari ba ne. Daga baya, da madubin lantarki mai ɗaukar hoton abu a daskare, wanda masu ƙirƙiro shi suka sami Nobel a 2017, an ga zoben majiya ƙarfin a 2021 ya miƙe kamar matakalar bene ya rungumi zaren. Bayanin da aka gina a kai shi ne, zoben kan buɗe ya zama matakala ya kama zare, sa'an nan ya tsuke ya koma shimfiɗaɗɗe, tsukewar ce turawa. Har wa yau akwai gardama. Guo da almajiransa suna kan cewa ma'aikatan 6 ne, kuma zaren zagaya cikin ramin yake yi. Venigalla Rao da Rossmann sun ba da wani bayani na T4 a 2008, inda jan lantarki tsakanin rabi biyu na furotin ɗin ke yin aikin. Mu dai a namu karatun hujjar 5 ta fi nauyi a phi29 da T4.

Saura tambaya guda: yaya inji ke sanin ya isa? A nan mun zo kasuwa. T4 ba ya ƙera zarensa guntu-guntu, yana yin dogon sarƙaƙƙen zare ne mai maimaita kansa. Inji ya yanka, ya ɗura har kwanso ya cika maƙil, mazurari ya ji matsi, a sake yankawa, a koma kan kwanso na gaba. Watau awon mudu yake yi, ba ƙirga ba. George Streisinger ya bayyana wannan a 1967. Da yake mudun ya ɗan fi abin da ake bukata, kowane ɗa yana samun umarninsa cif da ƙarin wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Ko mai awo a kasuwar Shinkafi ya san sunan wannan, gyara ke nan. Wani faj, lamda, shi ba ya awo, yana da tabo a jikin zare inda yake yankawa kullum.

Mai awon mudu ba ya duba hatsin wa yake aunawa, a nan ne kuwa maganar ta iso gidajenmu. Jefi-jefi injin kan yi kuskure ya kama zaren bakteriyar da ake ci, ya cika kwanso da shi. Wannan ɗan, in ya fita ya dafe wata bakteriya, ba kashe ta zai yi ba, gadon 'yar'uwarta zai zuba mata. Norton Zinder da Joshua Lederberg suka gano haka a 1952, a cikin Salmonela, dangin mai kawo taifot. In abin da aka kwaso ya ƙunshi dabarar jure wa magani, to, an kai dabarar gidan da babu ita. Ba mu ce wannan ce babbar hanya ba. Bakteriya sun fi miƙa wa juna irin wannan gado kai tsaye, jiki da jiki. Amma kowace hanya aka bi, mu ne ke share fage. Duk sa'ad da aka sayi kafso 4 a tire a tasha, aka sha kwana biyu aka bari don jiki ya yi sauƙi, ko aka ɗura wa kaji da awaki, an kashe masu rauni an bar wa masu juriya gari. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda bakteriya masu jure magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Da yawa cikinku za su zauna a ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, ko na dabbobi, ko na ruwa. Takardar izinin kantin magani ta hannunku za ta bi. Ba kuma za mu ɗora laifin duka kan talaka ba. Wanda asibitin ƙauyensu ya rufe saboda 'yan bindiga, mai tire ne likitansa.

Injin da ke da wannan illa shi ne kuma lagon bairus. Jikin ɗan Adam ba shi da irinsa, saboda haka maganin da zai tsayar da shi ba lalle ne ya taɓa namu kayan aikin ba. A dangin hafis akwai wani da ake kira CMV, wanda akasarinmu mun kamu da shi tun muna yara, yana kwance shiru a jiki, kamar yadda ƙarambau kan kwanta shekaru sa'an nan ya tashi wa dattijo da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. CMV ba ya damun mai lafiya, amma yakan halaka wanda aka yi wa dashen ɓargo ko ƙoda, yakan kuma kurmantar da jaririn da ya kamu tun a ciki. Tsohon maganinsa, ganciclovir, yana danne ɓargo. A 2017 Amurka ta amince da letermovir don masu dashen ɓargo, a 2023 aka ƙara da masu dashen ƙoda. Aikinsa ɗaya ne: ya liƙe wa wani sashe na injin ɗura, sai bairus ya yi ta gina rumbuna ba ya iya cika su yadda ya kamata. Yana da tsada, ba kuma maganin ƙarambau ba ne, kada wani ya je nema. Amma ya tabbatar da cewa ilmin da aka tara shekara 50 kan faj ɗin da ba ya cutar da kowa ya koma ƙwaya a bakin majiyyaci.

Faj su kansu ana jinya da su. D'Hérelle ya gwada su kan kwalara a Indiya a 1927, cibiyar Eliava ta birnin Tbilisi a ƙasar Jojiya kuwa, wadda aka kafa a 1923, har yanzu tana wannan aiki. A Bangaladash an nuna a 2005 cewa in faj masu cin bakteriyar kwalara suka yawaita a ruwa, annobar kan lafa. Mu da muka ga 2021, shekarar da aka lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi tsanani, ga kasuwanni a rufe, ga layukan waya a yanke, bai kamata wannan ya wuce mu ba. Sai dai a yi hattara. Faj ba ya maye gurbin rijiya mai tsabta da ruwan gishiri da sukari. Kowane faj kuma yana da bakteriyar da yake ci, wanda ya yi aiki a Dakka ba lalle ya yi a Zurmi ba. Abin da wannan ke nufi shi ne, masu cin bakteriyarmu a ruwanmu za a same su, sai kuwa wani ya je ya ɗebo.

Ɗebowar ba ta bukatar matsefatar haske. A 2010 wata ɗaliba a Durban, Afirka ta Kudu, ta kankaro ƙasa daga ƙarƙashin ruɓaɓɓen yalo ta sami wani faj, aka aika da shi ma'ajiyar Graham Hatfull a Jami'ar Pittsburgh. A 2018 yana cikin guda 3 da aka ba wata yarinya a Landan wadda magunguna suka gaza a kanta, ciwon ya lafa har ta koma gida. Abin da ɗalibar ta yi, ɗan aji biyu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura zai iya, in akwai mai duba shi. A ɗebo ruwan kududdufi ko na kwata, a tace da matacin da raminsa bai wuce maikuromita 0.22 ba, wanda ke tare bakteriya ya bar faj ya wuce. A gauraya tataccen ruwan da bakteriyar da aka raina, wadda ba ta da haɗari, a zuba a faranti mai abincinta, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana ɗaya. Da safe za a ga farantin ya yi hazo saboda bakteriya ta rufe shi, amma nan da can akwai 'yan ɗigo-ɗigo garau, kamar inda ɗigon ruwan sama ya faɗa kan rairayi. Kowane ɗigo faj guda ne ya fara shi, ya hayayyafa ya zama miliyoyi, ya cinye abin da ke kewaye da shi, mafi yawansu kuwa da injin nan aka cika musu kwanso. Daga nan sai a tsinci ɗigo ɗaya da tsinke mai tsabta, a sake shukawa sau 3 har ya zama iri guda, a rubuta ranar da sunan kududdufin da aka ɗebo shi.

Shugaba, mun ga an fara duba agogo. A nan za mu dakata, masu tambaya su yi.